Kafin ka ɗauki cakulan a kanti, juya ledar ka duba tambari

Kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, kuma binciken da cibiyar NORC ta jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya nuna yara miliyan 1.56 ne ke aikin da bai kamace su ba a gonakin koko na ƙasashen biyu. Ba fa taya iyaye ɗan aiki bayan makaranta ake nufi ba, yaro ne ƙarami riƙe da adda yana fasa koko, ko ya ɗauki buhun da ya fi ƙarfin wuyansa, ko yana tsaye ana feshin magani a kusa da shi. Tun 2001 manyan kamfanoni suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin-Engel cewa za su magance abin, har yau dai da sauran aiki.

To wanne za ka saya?

Akwai tambarin Fairtrade, na wata ƙungiya mai tantance manoman da ake sayen kokonsu. Ƙarfinsa kuɗi ne, a 2019 sun sa mafi ƙarancin farashi dala 2,400 kan tan ɗaya, da ƙarin dala 240 da ƙungiyar manoma ke karɓa ta gina aji ko rijiya. Ni wannan ya fi kwanta min a rai saboda talauci ne ke tura yaro gona, uban da ke da kuɗin ɗaukar lebura ba zai cire ɗansa daga makaranta ba. Sai mai hoton koren kwaɗo, Rainforest Alliance, wanda ya haɗe da wani tambarin mai suna UTZ a 2018, shi ya fi yawa a kantuna amma ba ya yanke mafi ƙarancin farashi, ƙarin da manomi ke samu kaɗan ne. Kuma duka biyun ana iya cakuɗa kokon da aka tantance da wanda ba a tantance ba a masana'anta, lissafi kawai ake yi a takarda, masu duba gona kuma jefi-jefi suke zuwa.

Sannan shirye-shiryen kamfanoni na kansu, Cocoa Life na masu Cadbury da Cocoa Plan na Nestlé. Gaskiya suna da abu ɗaya mai kyau, ana ɗaukar mutum daga cikin ƙauyen ya riƙa bi gida-gida, in ya ga yaro na aikin haɗari a rubuta sunansa, a nema masa takardar haihuwa da kayan makaranta, a dawo a sake dubawa. Matsalar dai kamfani ne ke ba kansa maki, kuma ya zuwa 2024 ba duk kokon da suke saya ne ke cikin shirin ba, don haka kar ka ɗauka kowane gwangwani ya shiga, sai ka ga an rubuta.

Cakulan Tony's Chocolonely na ƙasar Holan ya fi tsada kuma da wuya ka same shi a nan, amma yana bin kokonsa har zuwa ƙungiyar manoman da ta noma shi, yana biyan sama da farashin kasuwa, kuma duk shekara yana faɗin yara nawa ya samu suna aiki a gonakin da yake saya. Wallahi na fi yarda da mai faɗin adadi a kan mai cewa nasa tsaf yake.

In aljihu zai ɗauka, fara da Fairtrade ko irin Tony's. In babu, ɗauki mai kwaɗo ko mai tambarin shirin kamfani a kan ledar da ba ta ce komai ba game da inda kokonta ya fito.