Wane littafi za ka saya wa yaro a kan Thoreau?

Ɗiyar yayata, 'yar aji biyar a Aboabo, Kumasi, ta dawo daga makaranta da tambaya: "Kawu, wai da gaske akwai wanda ya bar gari ya koma daji da ƙafarsa?" Akwai kuwa. Henry David Thoreau ne, mutumin garin Concord a Amurka, an haife shi a 1817, ya rasu a 1862. A 1845 ya gina ɗaki ɗaya da hannunsa a bakin tafkin Walden, a filin abokinsa, marubuci Emerson, ya zauna shekara biyu da wata biyu da kwana biyu yana noman wake, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Tambayar nan ce ta sa na kwashe Asabar biyu ina zaga masu littattafai a Adum da Kejetia.

Littafin hotuna na 'yan ƙasa da shekara takwas ne. Yana da daɗin ido, amma wasu daga tafki sai tsuntsaye, shi ke nan, yaro ya tashi da zaton mutumin maƙiyin jama'a ne. In na gwanjo ne, ƙirga shafukan kafin ka miƙa sidinka. Na ɗauki wani, ashe an yage tsakiyarsa.

Littafin Walden ɗin kansa, wanda Thoreau ya rubuta a kan zamansa a tafkin, ya fito a 1854, kada ka kai wa ɗan firamare. Turancinsa na da nauyi, babin farko kuma doguwar magana ce a kan kuɗi da buƙatun rayuwa, har da lissafin ginin ɗakin, dala 28 da 'yan kai. Kyauta yake a intanet, kai babba ka karanta a waya ka riƙa ba shi labari da Hausa bayan sallar isha'i.

Abin da na zaɓa, kuma nake ba da shawara ga mai shekara tara zuwa goma sha biyu, shi ne gajeren tarihin rayuwarsa mai babi-babi. Kafin ka biya, tsaya nan gaban mai kaya ka duba ciki. Akwai daren da ya kwana a kurkuku a 1846 don ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta halatta bauta? In babu, an ba ka rabin mutum. An faɗi gaskiya cewa yakan taka zuwa gari ya ga danginsa, ba gudun mutane ya yi ba? Sai kuma ka duba ko an ambaci littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum a ciki, wanda ya fi komai taɓa ni: shekara da shekaru yana rubuta ranar da kowane fure ya buɗe. Da wannan rubutun masana suka gwada a zamaninmu, suka ga furannin Concord suna riga lokacinsu buɗewa saboda ɗumamar yanayi. Yaron da ke jin yadda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da kogin Offin ruwan kunu zai gane amfanin a ce wani ya rubuta yadda abu yake tun kafin ya lalace.

Na haɗa mata da littafin rubutu da fensir, tunda shi ma gidansu fensir suke ƙerawa. Na yi mata alkawarin zuwa tafkin Bosomtwe ran hutu. Jiya da magariba na same ta a ƙofar gida, kai a sama, tana rubuta ƙarfe nawa jemagu suka fara wucewa.