Kerbal Space Program: wasan da ke koyar da tashin roka

Fiziks nake koyarwa a sakandare, kuma a wajen fahimtar da yara yadda roka ke tafiya, wannan wasan kwamfuta ya fi allona da allina aiki. Kamfanin Squad na Meziko ne ya ƙirƙiro shi, cikakkensa ya fito a 2015. Kai ne za ka harhaɗa rokarka, tanki da inji da lemar sauka, ka zuba 'yan koren matuƙan wasan a ciki, ka harba.

Duk yaron da na miƙa wa linzami, sama yake miƙewa sak. Roka ta wuce kilomita 70, inda iskar duniyar wasan, Kerbin, ta ƙare, ya fara tsalle yana "Malam, na isa!" Can sai ga ta ta rikito. To, a nan karatun yake. Tsawo kaɗai ba ya zaunar da kai a falaki, sai gudu a kaikaice. Dole ka riƙa karkata gabas sannu-sannu har ka kai kusan mita 2,300 a daƙiƙa, yadda kana faɗowa ƙasa na lanƙwashewa a ƙarƙashinka, ba za ku haɗu ba. A tamu duniyar sai kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, gudun da tashar sararin samaniya ta ISS ke yi tana zagaye mu cikin kamar minti 90.

Sai batun mai. Yaro zai ce a ƙara tanki. An ƙara, roka ta zama jakin da aka labta wa harawar da zai ci a hanya, tashi ma ya gagara. Lissafin da masanin Rasha Tsiolkovsky ya buga a 1903 ke nan, kuma maganinsa yar da tankin da ya ƙare, kamar yadda rokar Amurka Saturn V mai hawa uku ta yi a tafiyar wata ta 1969.

A wasan an dai sassauta. Kerbin ƙarama ce, wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin duniyarmu, kuma jan duniya ɗaya tak ake lissafa maka a lokaci guda. Babu Hausa a ciki, sai mai ɗan Turanci ya zauna kusa. Na farkon za ka nema, don na biyun da ya fito a 2023 ba a kammala shi ba. In ka sauke shi, ba ya buƙatar data.