Gyaran bidiyon biki na faifan DVD: me za ka saya, me za ka bari?

Faifan bikin yana nan cikin durowa shekara da shekaru, kuma ana so a cire wurin da mai kyamara ya yi minti ashirin yana ɗaukar kujeru kafin amarya ta iso. Kafin ka kashe ko kwabo, ka san abin da ke dusar da hoto: sake matsewa, wato sake rage nauyin bidiyo ta hanyar zubar da wani abu daga hotonsa. Bidiyon DVD dama an matse shi sau ɗaya da tsarin MPEG-2, girmansa ɗigon hoto 720 a faɗi da 576 a tsayi kacal a tsarin talabijin na PAL da ake amfani da shi a Najeriya. Duk manhajar da ta warware shi ta sake matsewa, sai ta ci wani abu a ciki, alhali dama abin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya zama dole ka saya guda ɗaya ne: na'urar karanta faifai mai shiga ta USB, tunda yawancin sababbin laftof ba sa zuwa da ita. Kwafe jakar VIDEO_TS da ke cikin faifan gaba ɗayanta, ka ajiye a wuri biyu kafin ka taɓa komai, don faifan DVD-R da aka buga a shago ba ya jimirin zafi da rana. In ƙaramin faifan kyamara ne mai santimita 8 kuma ya ƙi buɗuwa, galibi ba a kammala shi ba ne, sai a mayar da shi cikin kyamarar a rufe shi.

Sai manhaja. DVD yana tsinka bidiyo zuwa fayilolin VOB, kowanne bai wuce gigabayit 1 ba. MakeMKV tana haɗe su su zama fayil ɗaya ba tare da ta taɓa hoton ba. Daga nan LosslessCut, ko Avidemux idan ka bar ta a kan Copy, za su yanka maka kyauta cikin ɗan lokaci. Aibinsu ɗaya: ba sa yanka sai a kan cikakken hoto, wato hoton da aka adana gaba ɗayansa ba tare da ya dogara da na kusa da shi ba, wanda a DVD yake zuwa kusan kowane rabin daƙiƙa. Don cire kujeru, wa zai lura da rabin daƙiƙa? Ni dai nan nake tsayawa.

Wanda sana'arsa ce, ko yake son yanka daidai inda liman ya shafa fatiha, shi ya dace ya biya kuɗin TMPGEnc MPEG Smart Renderer ta kamfanin Pegasys na Japan. A Windows take aiki, kuma 'yan hotunan bakin yanka kaɗai take sake matsewa, sauran ta bar su yadda suke.

HandBrake kuwa, duk da farin jininta, kullum sai ta sake matsewa. Haka CapCut. In sai ka sa rubutu ko ka gyara launi, ba makawa. Yi shi sau ɗaya daga asalin kwafin, ka fitar a inganci mafi girma.

Duba faifan tukuna ma. In VCD ne, 352 da 288 ne, babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba. Kuma in za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, in ba haka ba ita ma za ta matse shi.