Tsakanin rancen LSETF da na tarayya, wanne za ka nema?

Alhaji, Allah Ya mayar da alheri kan kayan shagonka da ruwa ya ci. Tunda LSETF, asusun jihar Legas mai ba masu sana'a rance, da rancen gwamnatin tarayya kake aunawa, ni dai LSETF zan ce ka nema.

A 2017 na karɓa, shekara guda bayan gwamnatin Ambode, gwamnan Legas na lokacin, ta kafa asusun. Lokacin firizata ta mutu ana saura kwanaki azumi, ga zoɓo da ƙanƙara su ne cinikina a Agege. Naira 300,000 suka ba ni, kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 a shekara a wancan lokacin, ba a nemi takardar fili ko ta gida ba. Na sayi firiza da ƙaramin janareto, nake biya wata-wata har na gama. Firizar tana nan, jiya ma ita ta daskarar min da kaya.

Abin da ke hana mutanenmu nema shi ne zaton na Yarbawa ne kaɗai. Ba haka ba ne, mazaunin Legas ake dubawa. Sai dai dole ka yi katin LASRRA, wato katin shaidar zama a Legas, ka samu lambar haraji da masu tsaya maka. Nan 'yan'uwanmu na Mile 12 da Alaba Rago ke maƙalewa, mutum ya shekara 20 a gari bai da takarda ko ɗaya da ke nuna yana nan. Ka fara da katin.

Na tarayya da ke bi ta Bankin Masana'antu, BOI, shi ma ba laifi: yadda aka sanar da shi a 2023, har naira miliyan 1 ne, ruwa kashi 9, shekara 3. Amma layi ɗaya za ka bi da duk Najeriya, kai kuwa sauri kake.

Dukansu akwai ruwa, don haka ka ji ta bakin malaminka kafin ka sa hannu.

Sannan ka kiyayi masu yawo rumfa-rumfa da sunan ejan. Lokacin korona wani ya karɓi 15,000 a hannuna wai kuɗin fom, ban sake ganin ƙeyarsa ba. Duk wanda ya nemi BVN ɗinka da lambar da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne. Wanda kuma ya ce maka rabon gwamnati ne ba a biya, kai zai bari da bashi: tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da ke kan BVN ɗinka.