Baƙin karan-miski ko kwalaye masu launi: wanne za a sa a bayan fure?

'Yar'uwa, tsakanin baƙin ƙyalle da saitin kwalayen nan masu launi-launi da kike tambayar wanne ya fi dacewa a bayan fure in za a ɗauke shi kusa-kusa, ki sayi ƙyallen. Karan-miski baƙi wuluk, yadi ɗaya ya ishe ki har ki yankar wa wata.

Nawa a Kantin Kwari na yanko shi, kuma har yau ba ya barin jakata. Da daminar bara na je gaida Hajiyarmu, na tarar kuɓewar da take shukawa a bayan gida ta fara fure. Wanda ya san furen kuɓewa ya san ba ya jira: da safe yake buɗewa, kafin rana ta faɗi ya yi yaushi. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, can cikin tsakiya kuma ja mai duhu kamar an ɗiga masa zobo. To amma me ke bayansa? Katangar bulo, igiyar shanya da wani shuɗin bokitin roba. Sai na sa ƙanena ya ja baya kaɗan ya riƙe ƙyallen, ni kuma na durƙusa daidai tsayin furen, rana tana zuwa ta gefe. Jijiyoyin furen suka fito ɗaya bayan ɗaya, har garin da ke manne a sandar tsakiya ana gani. Da na miƙa wa Hajiya wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni furen wace ƙasa ne. Matar da ta yi shekara da shekaru tana tsinkar kuɓewa a wannan wurin! Ƙarshe sai da ta sa aka wanko mata hoton.

Abin da ya sa karan-miski ya fi sauran baƙaƙen yadi shi ne gashin jikinsa. 'Yan zarurrukan a tsaye suke, haske in ya shiga tsakaninsu kaɗan ne yake dawowa. Baƙar shadda ko baƙin mayafi kuwa suna mayar da haske, sai su fito toka-toka a hoto, duk wata tattara a bayyane. Ki shafa karan-miskin da hannu, za ki ga ta wani ɓangare ya fi duhu. Ta nan za ki riƙa fuskantar da shi.

Kwalayen ma ina da su, suna can saman kwaba. Mai ɗaukar hoton turare ko sarƙa a kan tebur cikin ɗaki zai more su. A waje kam, rana na taɓa su sai ƙyalli, iska na kaɗawa sai su lanƙwashe, koren da aka buga a jikinsu kuma bai yi kama da na kowace bishiya ba.

Sai dai sayen ƙyalle kaɗai ba ya ba da hoto. Kamara, ta waya ce ko babba, in tana auna haske tana ƙoƙarin mayar da abin da ta gani zuwa matsakaicin ruwan toka ne, wanda masu harkar ke cewa na kashi 18 cikin 100. Da ta ga baƙi ya cika wuri sai ta ɗauka duhu ya yi yawa ta ƙara haske, baƙin ya koɗe, furen kuma ya ƙone ya zama fari fat. Maganinsa: a waya ki taɓa kan furen, ki ja 'yar alamar ranar nan ƙasa har sai launinsa ya dawo daidai. A babbar kamara ki rage hasken zuwa -1, wani lokaci har -2. Farin fure irin na zogale shi ya fi saurin ƙonewa, ki fi kula da shi. Kuma kada ƙyallen ya manne da furen. Ki bar tazarar kamu ɗaya ko biyu, ki karkata shi yadda rana ba za ta sauka a kansa kai tsaye ba. Furen a haske, ƙyallen a inuwa. In wayarki tana da maɓallin jawo abu kusa na 2x ko 3x ki yi amfani da shi ki ɗan ja baya, don yana taƙaita abin da ke shigowa daga baya, ɗan ƙyalle ma sai ya rufe ko'ina.

Wannan dabarar ma tana yiwuwa ba ƙyalle. Fure yana cikin rana, ƙofar zaure ko ta ɗaki a buɗe a bayansa, ciki da duhu: ki rage haske kawai, bayan zai yi baƙi da kansa.

Akwai inda baƙin ba ya yi, kada in ɓoye miki. Duk abu mai duhun launi, misali jan ƙoƙon zobo bayan furen ya faɗi, nutsewa yake yi a ciki, gefensa ya ɓace. Irin wannan ki bar masa koren ganye na gaske, amma ki zagaya har ki samu inda ganyen yake da nisa. Iya kusancinki da furen da iya nisan abin da ke bayansa, iya yadda bayan zai narke ya zama launi zalla. Ja yana tashi a kan kore, ruwan ɗorawa a kan shunayya ko shuɗin sama, saboda kishiyoyin juna ne a jerin launuka. Furen kabewa in kika kwanta kika ɗauko shi da sararin sama bayan an ɗauke ruwa, ba ki buƙatar sayen komai.

Batun tsari ba zan ja shi ba. Ki kunna layukan nan da ke raba fuskar kamara gida 9, ki aza zuciyar furen a kan ɗaya daga mahaɗansu, ki bar fili ta inda furen yake kallo. Bado da sauran masu zagaye cif su kam tsakiya ta fi musu kyau in daga sama aka ɗauka. Fure ɗaya, ko ɗaya da toho a gefensa, ya fi tari. A wannan kusancin abin da ke fitowa tar bai taka kara ya karya ba, don haka ki saita a kan zaren tsakiya, sauran su bi baya. Da sassafe kafin iska ta taso ya fi sauƙi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wasu a intanet sai su ɗauko hoton da aka yi da babbar kamara su ce da kwalinsu ko da ɗan gilashin maƙala wa waya aka yi shi. Ki ce su turo bidiyon kayan a hannu, a tsakar rana, kafin ki tura ko sisi. A wurin yadi kuma akwai mai sheƙi da ake miƙowa da sunan karan-miski. Ki haska shi da fitilar wayarki ta gefe tun a shago. In ya yi walƙiya ki ajiye musu abinsu, komai rantsuwar mai shi. Ki nemi mai gajeren gashi, mai kauri, wanda haske ba ya ratsawa in an ɗaga shi.

In kin saya kada ki ninke shi, naɗe shi za ki yi a jikin kwalin da ake naɗe yadi ko guntun bututun roba, ki sa a leda. Ƙurar hunturu da zaren auduga suna son sa ƙwarai, kuma kowane ɗigo fari yake fitowa a hoto. Ki riƙa tafiya da salatif: ki naɗa a yatsu, gefen mai danƙo a waje, ki bi jikin ƙyallen da shi kafin ki fara ɗauka.