Commander III ko ME 888: amsar tambayar ɗan'uwa mai Heritage

Salamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun daren jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka sayi Harley Heritage Classic na hannu nan Jidda, tayar baya ta suɗe, mai shago ya ajiye maka Michelin Commander III da Metzeler ME 888 Marathon Ultra ya ce ka zaɓa, ga kuma Shinko 777 a gefe mai sauƙin kuɗi tana maka ƙifce. To biyun farko duk na taka su a kan mashin irin naka, bari in faɗa maka yadda na same su.

Kafin sunan kamfani fara karanta jikin tayar da ke kan mashin ɗin yanzu. In Heritage ɗinka daga 2018 zuwa sama ne zaka ga gaba 130/90B16 73H, baya kuma 150/80B16 77H. Wannan 77 ɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka ne, yani kilo 412, 73 kuma kilo 365, H ɗin gudu ne har kilomita 210 a awa, wanda dai ni da kai mun san Sahir, kyamarorin kama masu gudu a titi, ba zai bari mu kusance shi ba. Dalilin da yasa na fara da nan, saiz ɗaya yakan zo kala biyu, akwai 150/80-16 mai lamba 71, kilo 345 kenan, daga nesa kamarsu ɗaya sak kuma mai shago zai ce maka ba matsala, alhali mashin ɗin nan shi kaɗai ya haura kilo 300 ba kai ba jaka ba wanda ka goya. Kada ka sauka ƙasa da lambar da ya zo da ita.

To Michelin. Commander III ta fito a 2020, ta gaji Commander II, kuma iri biyu ce, Cruiser da Touring, ka tabbatar wacce aka ajiye maka. Inda suka fi zuba ƙarfinsu shi ne riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta, sun cika robar da silika. Nasan zaka ce ina ruwan sama a Jidda. Ai matsalar kenan, ruwan namu sau nawa ne a shekara, wajen Nuwamba zuwa Janairu, kuma yana sauka ne kan kwaltar da ta yi wata da watanni tana shan ƙura da baƙin mai da dizal, mintocin farko sai ka rantse miyar kuɓewa aka zuba a shataletale. A irin wannan ranar na fi natsuwa da Michelin, birki na kamawa ba tare da baya ta yi min rawa ba. A doguwar hanya kuma tana tafiya ɗoɗar, na yi Jidda zuwa Madina da ita, sama da kilomita 400 kusan duk miƙe, ban ji ta canza hali ba duk da zafin. Abin da ban so ba jikinta da ɗan tauri, duk wani gaɓar gada ko faci a titi sai ka ji shi a ƙugu.

Metzeler kuma ta Jamus ce amma tun 1986 tana hannun Pirelli. ME 888 ita don nisa aka yi ta, zanenta da zurfi, kuma a wurina ta fi daɗi a kwana. Ranar da na gane haka hawan Hada ne zuwa Ɗa'if, kasan yadda hanyar nan take nannaɗewa jikin dutse kwana na bin kwana, ga biran nan zaune a bakin titi suna jiran wanda zai jefa musu ayaba, to da Metzeler ɗan karkata kawai nake mashin ya kwanta da kansa, da Michelin kuwa sai na ɗan danna kan mashin kafin ya yarda. Ba wani bambancin sama da ƙasa bane amma hannu na sanin shi bayan lanƙwasa ashirin. A ruwa tana da kyau, sai dai ban saki jiki da ita kamar waccan ba.

Wajen daɗewa duka biyun sun fi Dunlop ɗin da mashin ya zo da ita daɗewa a hannuna, kuma tsakaninsu ban ga tazarar da zan yi rantsuwa a kai ba. Duka a tsakiya suke mutuwa, don hanyoyinmu miƙaƙƙu ne ga zafi, sai ka ga gefe na nan sabo fil tsakiya ta baje kamar faranti, daga nan kwana ta fara yi maka gardama.

Shinko a Koriya ta Kudu ake yin ta, ba jabu bace, tana riƙe titi don robarta da laushi, amma laushin nan shi ke sa ta saurin ƙarewa. Wanda yawonsa Kornish, titin bakin tekun Jidda, ne daren Alhamis da Juma'a ta ishe shi, in dai ya ɗauki mai H.D. a jiki, wato Heavy Duty ta ɗaukar nauyi, mai lamba 77. Mai zuwa Yanbu da Madina kuɗin ɗauri sau biyu zai cinye masa rarar.

Ni da za a ce in zaɓa maka, in yawancin tafiyarka cikin gari ce da manyan hanyoyi, ɗauki Michelin. In kai ɗan Hada da Shafa ne, hanyoyin duwatsun Ɗa'if, duk sati, Metzeler. Kuma ka sa kamfani ɗaya gaba da baya, kar ka haɗa kishiyoyi.

Amma wallahi abin da ya fi wannan duka shi ne shekarar tayar. Duba gefe inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2323 yana nufin sati na 23 a 2023. Na taɓa sayen taya a wani shago, tana cikin ledarta tas, ban duba ba sai da aka ɗaura, ashe ta yi shekara huɗu a sito mai rufin kwano ba AC, ba a yi wata shida ba gefenta ya fara tsattsagewa sirara sirara kamar diddigen ƙafa da hunturu, zane na nan cike amma dole na cire. Metzeler ta bana ta fi Michelin mai shekara huɗu, haka ma in an juya. Ita ta gaban da ka ce da sauranta, je ka karanta nata lambar, in ta wuce shekara biyar a zafin nan ni dai ba zan goya kowa a kanta ba.

Sai wili. In naka mai wayoyi ne irin na keke to da tiyub a ciki ko da an rubuta tubeless a jikin tayar, sa sabon tiyub da sabuwar robar da ke rufe kan wayoyin, kar ka yarda a mayar da tsohon. Kuma kar ka kai wa banshar, wato masu facin taya, na motoci, ni an taɓa tsunkule min tiyub da ƙarfen ɓamɓare taya aka kuma karce min rim, ban sani ba sai da safe na tarar da mashin zaune. Ka tsaya a kansu su bi kibiyar da ke nuna inda tayar ke juyawa, su yi balans.

Iska da safe ake aunawa kafin ka motsa, nawa 36 gaba 40 baya, naka duba littafin mashin. In ka tsaya shan mai da rana ka ga geji ya hau kar ka sace iskar, zafi ne, in ta huce zata dawo. Sabuwar taya tana da santsi, kilomita 150 na farko bi a hankali, kar ka ɗaura yau gobe ka nufi Hada. In ka je shagon turo min hoton lambobin DOT ɗin duka biyun kafin ka biya.