Ganawar ƙungiya da zama gaban Alhaji: shirin ba ɗaya ba ne

Wani ƙaninmu a zauren nan ya ce ya kammala lisans (digirin farko) na lissafin kuɗi a jami'a, sai ga kira biyu: wata ƙungiyar agaji ta gayyace shi ganawa, wani Alhaji mai sito a babbar kasuwa kuma yana neman mai riƙe masa littafi. Yana tambaya ko shiri ɗaya zai wadatar. A'a, ƙanena.

Ƙungiya takardarka take fara gani kafin fuskarka. Ka haɗa katin ANPE (hukumar samar da aikin yi ta Nijar), kwafin difloma mai hatimi, da kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka) wanda bai wuce wata 3 ba, ka riƙe na asali a jaka. Sau da yawa akan fara da gwaji a kwamfuta: a miƙo maka rasit barkatai a ce ka jera su a Excel. Daga nan sai ka shiga gaban mutum uku ko huɗu, kowa da takardar ba da maki. Da Faransanci za a yi ta, amma kada ka yi mamaki in ɗayansu ya juya zuwa Hausa ya ce: "To, bayyana wa shugabar matan wani ƙauye a Dakoro dalilin da ya sa ba a biya ba tare da sa hannu ba." Nan masu hadda suke kakarewa. Ka karanta sanarwar aikin layi-layi, kowane sharaɗi ka tanadar masa misali daga estaj ɗinka, wato aikin koyon da ka yi.

Alhaji kuwa da wuya ya buɗe CV. "Ɗan gidan wa ne? Wa ya turo ka?" Rabin ganawar ke nan, saboda haka ka tafi da dattijon da zai tsaya maka. Ka gaisa a natse, kada ka riga shi magana. Gwajinsa a tsaye yake: kaya sun shigo ta Ɗan Isa, kan iyakar Najeriya, da farashin naira, nawa buhu ya tsaya a sefa bayan kuɗin mota da na 'yan dako? Yana iya aikenka da kuɗi ya yi kamar bai ƙirga ba. Ya ƙirga.

Inda matasanmu suke cutuwa shi ne zancen albashi. A ƙungiya akwai kwantaragi a rubuce da rajistar CNSS (asusun fansho da inshorar ma'aikata), sai dai aikin yakan ƙare da ƙarewar shirin. Wurin Alhaji kana iya shekara goma har ya ba ka jari, amma "za mu kyautata maka" ba adadi ba ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024. Idan kunya ta hana ka tambaya, dattijon nan ya tambaya maka, a faɗi adadi da ranar biya a gabansa.

Ni dai da ni ne, ganawar ƙungiya zan fara zuwa, don ranarta ba ta ɗaguwa. Alhaji ana iya roƙonsa ya jira zuwa bayan Juma'a.